Kafin a ci bashin asusu don kyamara: wane gilashi za a fara saye?

Ƴan'uwa mata, bashin da aka saba nema a bakin akwati na sarin gyaɗa ne, ko na tunkiyar kiwo, ko na buhun hatsi da za a ajiye har ya yi daraja. Amma zamani ya zo da wasu sana'o'i. Wata ɗiyarta ce ta iya ɗaukar hoto da salula, mutane suna yabawa, tana son a tallafa mata ta sayi kyamara ta riƙa zuwa biki da suna. Wata kuma ita da kanta take sha'awar abin. Sana'a ce mai kyau, kuma mace tana da wata dama da namiji ba shi da ita: tana shiga cikin gida, har ɗakin amarya da na mai jego, inda ba a barin mai hoto namiji ya leƙa.

Sai dai kayan hoto suna da tsada, kuma inda kuɗi ya fi nutsewa shi ne gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara. Masu hoto na Yamai suna ce masa objektif, na Kano su ce lens. Shi ne idon kyamara. In aka sayi wanda bai dace da aikin ba, ko wanda bai shiga bakin kyamarar ba, kuɗin ya tafi, bashin asusu kuwa yana nan yana jiran ranar biya. Shawarar da wannan rubutu ya ɗauko ke nan a taƙaice: a fara aiki da gilashin da ya zo tare da kyamara, a bar shi ya tara kuɗin na biyu, na biyun kuma ya zama ɗan ƙarami mai shan haske.

Wa ke ɗaukar hotonmu?

Sunan Lugu ya zagaya duniya saboda Sarauniya Mangu, wadda ta tsaya gaban rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu a 1987. To amma wanda ya kalli fim ɗin, fuskar da yake tunawa ta Aï Keïta ce, ƴar wasan Burkina Faso, kuma a can Burkina aka ɗauke shi. Hotunan Arewa da ke yawo a waje, galibi baƙi ne suka zo suka ɗauka suka tafi da abinsu.

Idan ɗiyar gari ce ke riƙe da kyamara, hoton kakarta yana zama a gida, kuɗin hoton biki ma yana zama a gari. Fati Abubakar ta Maiduguri misali ce: aikin jinya ta karanta, sai a 2015 ta fara ɗaukar hotunan rayuwar yau da kullum ta mutanen Borno, a lokacin da duniya ba ta ganin komai daga can sai labarin tashin hankali. Hotunanta sun kai ƙasashe da dama. Amma mu koma kan kaya, don da su ake farawa.

Lambobi biyu da ke jikin kowane gilashi

Kada yawan rubutun da ke jikin gilashi ya tsorata ki. Lambobi biyu kawai kike bukata.

Ta farko ita ce mai "mm" a ƙarshe, kamar 18mm ko 50mm ko 300mm. Ita ke faɗin yawan filin da gilashin yake gani. Ƙaramar lamba tana ɗaukar fili mai faɗi. Babbar lamba tana jawo abin da ke nesa, amma filinta tsukakke ne, kamar mai leƙe ta cikin kara. In kin ga lamba biyu, kamar 18-55mm, to gilashin mai zum ne, ana murɗa shi ya matso ko ya ja baya. In lamba ɗaya ce, kamar 50mm, ba ya zum, ƙafarki ce za ta yi tafiyar.

Ta biyu ita ce mai "f" a gaba, kamar f/1.8 ko f/5.6. Wani lokaci a jikin gilashin ana rubuta ta 1:1.8. Wannan girman ƙofar da haske ke shiga ne, kuma lissafinta a juye yake: ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Ɗauki misalin ɗaki biyu, ɗaya mai babbar taga, ɗaya mai ƴar kafa a sama. Ƙofar f/1.8 tana shigar da haske kusan ninki goma na f/5.6. Wannan bambanci shi ke raba hoton da aka ɗauka da magariba ya fito ras da wanda ya fito dishi-dishi.

Wanda ya zo da kyamara: 18-55mm

Yawancin ƙananan kyamarorin Canon da Nikon, irin su Canon 1300D da 2000D, ko Nikon D3200 da D3500, ana sayar da su ne tare da gilashi 18-55mm. Wasu masu shago sukan raina shi don su sayar miki da wani. Kada ki biye musu. Ga dalili.

Ki ɗauki ƙungiyar asusu mai mata 30, ranar rabo, an jera su sahu uku, goma-goma. Faɗin sahun zai kai mita 6. Da gilashin nan a kan 18mm, in kin tsaya mita 5 daga gare su, duka za su shiga. Da 50mm a wannan wuri, abin da za ki samu bai fi faɗin mita 2 da ɗan ɗoriya ba, wato mata uku ko huɗu a kowane sahu. Kafin ki haɗa su duka sai kin ja baya mita 13 ko 14. Tsakar gida nawa ne a Lugu ko Matankari ko Dankasari ke da wannan fili ba tare da kin ci karo da rumbu ko danga ba?

Hoton taro kuwa shi ne abincin mai hoton ƙauye: dangin ango, ƙawayen amarya, ƴan makaranta, taron ƙungiya. Da gilashin nan ɗaya za ki ɗauki taron a kan 18mm, ki murɗa zuwa 55mm ki ɗauki amarya ita kaɗai. Da rana, ko a inuwar bishiya, aikinsa ba abin kushewa.

Rauninsa ɗaya ne babba: ba ya shan haske. A kan 18mm ƙofarsa f/3.5 ce, in kika murɗa zuwa 55mm sai ta tsuke ta koma f/5.6. Cikin ɗakin ƙasa mai ƙaramar taga, ko bayan faɗuwar rana, kyamara sai ta daɗe kafin ta ƙifta, duk wanda ya motsa a wannan lokaci sai ya fito kamar inuwa. In akwai rubutun IS a jikin na Canon, ko VR a na Nikon, wannan yana rage illar rawar hannunki. Amma ba ya tsayar da mai rawa ko jaririn da ke wutsil-wutsil.

Na biyu: 50mm ko 35mm mai f/1.8

Ranar da kika ga aikin ɗaki da na dare yana kuɓuce miki, to lokacin gilashi na biyu ya yi. Abin farin ciki, wanda ke magance wannan matsala yana cikin mafi araha. Canon ta fitar da EF 50mm f/1.8 STM a 2015 a kan kusan dalar Amurka 125. Nikon ta fitar da AF-S DX 35mm f/1.8G a 2009 a kan kusan dala 200. Wannan farashin sabo ne a Amurka lokacin fitowarsu. A kasuwanninmu kuɗin dako da na kwastan da canjin kuɗi suna sauya shi, na hannu kuma ya fi sauƙi. Akwai wani kamfanin ƙasar Sin mai suna Yongnuo da ke yin 50mm f/1.8 mai shiga Canon da mai shiga Nikon a ƙasa da wannan kuɗi, sai dai ƙarfin jikinsa bai kai na asali ba.

Me f/1.8 ke ba ki? Inda gilashin farko ke bukatar kashi ɗaya cikin 15 na daƙiƙa kafin ya tara haske, wannan zai yi a kashi ɗaya cikin 125 ko ƙasa da haka. Wato mai jego tana iya juyowa ta yi murmushi, hoton ya fito tsaf. Na biyu, yana narkar da abin da ke bayan mutum. Fuskar ta fito fes, tulin kwanoni da igiyar shanya da ke baya su zama hazo. Irin hoton da mutane ke kira na situdiyo ke nan, kuma shi ake biya da daraja.

Amma a kula da abu ɗaya. In ƙofar tana buɗe a f/1.8, wurin da ke fitowa tsaf ɗan siriri ne. Mutum ɗaya, ki saita a kan idonsa, shi ke nan. Mutane sahu biyu ko uku, na gaba za su fito, na baya su dushe. A nan sai ki tsuke ƙofar zuwa f/5.6 ko f/8.

To tsakanin 50 da 35 fa? Allon da ke kama hoto a cikin ƙananan kyamarorin nan ƙarami ne, saboda haka kowane gilashi yana matsowa fiye da lambarsa: ninki 1.6 a Canon, ninki 1.5 a Nikon. Gilashi 50mm sai ya yi aiki kamar 75 ko 80mm. Wannan ya dace da hoton fuska da kafaɗa, da ƙananan hotunan katin shaida da na takardun jarrabawar BEPC, domin daga nisan mita biyu fuska tana fitowa yadda Allah ya yi ta. In kika matsa dab da mutum da 18mm kuwa, hanci sai ya kumbura, kunnuwa su shige baya. Shi kuma 35mm yana gani kusan yadda idon mutum ke gani, kuma cikin ɗaki yana ɗaukar mutum biyu ko uku zaune a bakin gado.

Ga hanyar gwaji da ba ta cin ko dala. A jikin 18-55mm akwai lambobi a jere. Ki tsayar da shi a kan 35, ki yi mako guda ba ki murɗa ba. Mako na biyu ki kai shi kusa da 55, wajen 50. Wanda ya fi yi miki daɗin aiki a ɗakunan garinku, shi za ki saya. Gani ya kori ji.

Dogon gilashi: a dakata tukuna

Wanda ya fi jan ido a shago shi ne dogon nan, 75-300mm ko 70-300mm. In an rataya shi a wuya, kowa ya san mai hoto ta iso. Mai shago zai nuna miki yadda yake jawo tsuntsu daga kan bishiya. Amma ki tambayi kanki, wa zai biya ki kuɗin hoton tsuntsu? Gilashin nan na filin kokawa ne da ƙwallo da sukuwar dawaki. A tsakar gida ba ya ɗaukar taro, a ɗaki ba ya samun haske, domin ƙofarsa f/4 ce zuwa f/5.6, kuma rawar hannu ta fi bayyana a cikinsa. Ranar da aka fara kiranki aikin fili, sai a yi maganarsa.

Seydou Keïta na Bamako, wanda hotunansa ke rataye yau a manyan gidajen tarihi na duniya, ya buɗe wurin hotonsa a 1948. Da hasken rana yake aiki a tsakar gida, zanen shimfiɗar gadonsa ya fara ratayawa a bayan mutane, kuma don tsimin kaya sau ɗaya yake ɗaukar kowane hoto. Abin da ya ɗaukaka shi shi ne sanin haske da iya zaunar da mutum ya yi kyau. Wannan ilimi ba a shago ake sayensa ba.

Baki ya dace da baki

Nan ne kuɗin mutane ya fi salwanta. Kowane kamfani yana da irin bakin da gilashinsa ke ɗaurewa. Na Canon ba ya shiga Nikon, na Nikon ba ya shiga Sony. Ko a cikin gida ɗaya ma akwai bambanci.

A Canon, tsofaffin kyamarori masu madubi a ciki suna amfani da baki EF, wanda ya fito tun 1987. Ƙananan irin 1300D, 2000D, 600D da 700D suna karɓar EF da EF-S duka biyu. Sababbin da suka fara fitowa a 2018, marasa madubi, bakinsu RF ne, kuma gilashin RF ba ya shiga tsofaffin.

A Nikon, tsohon bakin F ne, sabon kuma Z. Ga wani tarko: kyamarorin D3000 zuwa D3500 da D5000 zuwa D5600 ba su da injin saita gilashi a cikinsu. Saboda haka tsohon 50mm f/1.8D, wanda ake samu da araha, zai ɗauru, amma ba zai saita kansa ba, sai ki riƙa murɗawa da hannu a tsakiyar biki. Ki nemi mai rubutun AF-S. Mai rubutun AF-P kuma ba ya aiki da tsofaffi irin D3100 da D5100.

In kanki ya ɗaure da haruffan nan, ga dokar da ta tattara su: kada ki sayi gilashi sai da kyamararki a hannu. In aike za a yi zuwa Yamai ko Sakkwato ko Kano, a ɗauki hoton rubutun gaban kyamarar da salula a tura wa ɗan aiken, kuma a yi sharaɗi da mai shago cewa in bai dace ba za a mayar.

Gwajin na hannu

Tun da manyan kamfanoni suka koma kan sababbin kyamarori marasa madubi, kayan tsofaffin sun yawaita a kasuwar na hannu. Wannan riba ce ga mai ƙaramin jari, in ta iya dubawa. Araha ba ta ado in kayan matacce ne. Ki yi waɗannan a gaban mai shago, ba gaggawa:

Ki cire murfin gaba da na baya, ki haska fitilar salula ta ciki. Ƴar ƙura kaɗan ba komai. In kin ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce, tana yaɗuwa, ki bar shi. In kin ga hazo ya rufe ciki, shi ma ki bar shi.

Ki duba ƙarzuwa. Ta gilashin baya ta fi ta gaba illa.

Ki murɗa zoben zum da na saiti. Su tafi sumul, ba ƙarar yashi, ba cijewa.

Ki ɗaura shi a kyamararki, ki saita a kan abu na kusa, sannan na nesa, sau da yawa. In yana ta kai da komo bai tsaya ba, akwai matsala.

Ki ɗauki hoton takarda mai rubutu da aka manna a bango, ki buɗe hoton ki duba kusurwa huɗu. In gefe ɗaya ya fito, ɗayan ya dushe, gilashin ya taɓa faɗuwa.

Ki karɓi rasit mai lambar da ke jikin gilashin. Wannan zai kare ki in daga baya aka ce kayan sata ne.

Ƙurar hunturu da raɓar damina

Ƙasarmu ba ta raga wa kayan hoto. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura ce, kuma gilashi mai zum yana zuƙar iska duk lokacin da aka murɗa shi. Kada ki canja gilashi a fili. Ki shiga ɗaki, ki kashe kyamara, ki kifa bakinta ƙasa, ki yi da sauri. Kada ki goge gilashi da bakin zane ko hijabi, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ja masa zane na har abada. A fara hure ƙurar da ƴar robar hura iska, sannan a goge da tsumma mai laushi na goge tabarau.

Akwai ɗan siririn gilashin kariya da ake murɗawa a gaba, ana ce masa filta UV. Yana da araha, kuma in ya ƙarzu shi kaɗai za a sauya. Girmansa yana rubuce a jikin gilashin ko cikin murfi: 58 ga 18-55mm na Canon, 49 ga 50mm STM, 52 ga 35mm na Nikon. Da bazara kada a bar kaya a rana ko cikin mota. Da damina a ajiye su cikin roba mai murfi tare da ƴan ƙullin nan masu shan laima da ake samu cikin kwalin sabon takalmi.

Lissafi a bakin akwati

Tsarin Mata Masu Dubara ya fara ne a jihar Maradi a 1991 da tallafin ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu ƙasashe da dama. Abin da ya riƙe shi har yau shi ne bashi yana fita, yana dawowa a kan lokaci. Bashin asusu gajere ne. Mai ƙuli-ƙuli tana juya kuɗinta kowace kasuwa, amma gilashi ba ya mayar da kuɗinsa cikin wata guda.

Mu yi misali, kowace ƙungiya ta sa nata lambobin. A ce an ci bashin jika 60 na wata uku, kuma abin da ƙungiya ta amince a ɗora shi ne kashi 10 cikin 100 kowane wata. Za a mayar da jika 78. In kowane biki yana barin ribar jika 5 bayan an cire wankin hoto da kuɗin mota zuwa Dogon Dutsi da cajin batir, to sai an yi biki 16 kafin bashin ya fita, wato fiye da biki ɗaya kowane mako. Bayan kaka, lokacin da aure ya yawaita, ko gab da salla, wannan yana iya yiwuwa. A tsakiyar damina, kowa yana gona, da wuya.

Saboda haka, inna shugaba da ma'aji da sauran ƴan ƙungiya, in ƴar'uwa ta kawo wannan bukata, ku tambaye ta abu huɗu cikin mutunci. Aikin nawa ta riga ta yi, ko da salula ne, aka biya ta? Wane irin hoto ne ke kuɓuce mata wanda sabon gilashin zai kamo? Ta ware kuɗin katin ajiyar hoto da batir na biyu? A wane wata za ta fara biya? In hotunan na turawa ta WhatsApp ne kawai, salula mai kyau ta wadatar, babu dalilin bashi. In na wankewa ne a rataya a bango, ko na cikin ɗaki da dare, nan kyamara ke nuna bambanci.

Hanyar da ta fi aminci ita ce kyamara da 18-55mm su fito daga kuɗin rabo. Daga nan mai sana'a ta riƙa ware wani abu daga kowane aiki, har ya kai kuɗin 35mm ko 50mm, ko ya kai rabinsa ƙungiya ta cika da ƙaramin bashi. Ku ma ku zama masu cinikinta na farko: hoton ranar rabo, hoton man gyaɗa da tabarmi da kayan lambu da kuke son nuna wa masu saye na nesa. Kuma ita mai kyamara ta riƙe ladabin gida: ta nemi izini kafin ta ɗauki kowa, kada ta tura hoton matar wani ko ɗiyar wani ba da yardarsu ba, wuraren da manya suka hana ɗauka kuma ta kiyaye. Amanar da ta sa aka bar ta ta shiga ɗaki ita ce babban jarinta.

Allah ya sa albarka a cikin nema, ya tsare mana akwatinmu.